Bututu, Ganga da Kwalba: Yadda Aka Yi Ta Haramta Giya a Arewa, Daga Gwamna Lugga Zuwa Hisbah

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya. A gyara zama, yau maganar tana da ɗan tsawo.

Abin da ya jawo shirin nan ƙaramin abu ne. Kwanakin baya ina zaune wajen mai shayi a Takur, nan cikin Dutse, bayan sallar isha'i, sai wani ƙanena ya miƙo mini waya yana dariya. Bidiyo ne na wani Bature a Amurka. Ya sayo kayan aikin famfo, guntayen bututun ƙarfe, gwiwa, da kan famfo na tagulla, ya ɗaure su a kan katako, ya kifa kwalbar giya a sama. Idan ya murɗa kan famfon sai giya ta zubo cikin kofi. Wai ado ne na falo. Yaran wajen suka yi ta mamaki, wani ya ce da zoɓo za a sa a ciki da an yi ciniki.

A gefenmu akwai wani dattijo mai aikin famfo, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kudu. Ya karɓi wayar ya duba, ya mayar, ya ce, "Yaro, ai bututu da giya tsohon aure ne. Na ga inda ake dafa ta da ganga da bututu tun ba a haifi babanka ba. Na kuma ga wanda ya sha ya kwana, ya tashi ba ya gani."

Na ce, "Baba, makancewa fa ka ce?"

Ya ce, "Makancewa. Je ka bincika."

To, na je na bincika. Abin da na samo shi ne shirinmu na yau. Tun farko bari in faɗa, ba koyar da haɗa giya muka zo yi ba, kuma hukuncinta a Musulunci ba abin muhawara ba ne. Tarihi muka zo dubawa, saboda akwai darasi a ciki da ya shafi unguwanninmu a yau ɗin nan.

KAFIN KWALBA, AKWAI TULU

Wasu suna ɗauka Turawa ne suka kawo giya ƙasar Hausa. Ba haka ba ne. Kalmar giya tamu ce, tsohuwa ce. Tun kafin jirgin ruwan Bature ya san hanyar Kwara ake jiƙa dawa ko gero, a bari ya yi tsiro, a niƙa, a dafa, a bari ya kwana. A wajen Maguzawa giya tana cikin gayya, tana cikin biki, tana cikin tsafi. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma rubuta yadda giya take a tsakiyar al'adunsu. Mata ne ke dafawa, kuma sana'a ce da suke samun kuɗin kansu da ita. Har yau haka burukutu yake a wuraren da ake yin sa.

Malaman jihadi sun san da wannan. A littafinsa Kitabul Farƙ, cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa, har da cin abin da suka ga dama da shan abin da suka ga dama, ba ruwansu da halal ko haram. Bayan jihadin 1804 giya ta koma abin ɓoyo a birane, mai sha kuma idan Musulmi ne bulala 80 ke jiran sa a mazhabar Malikiyya. Amma ba ta ɓace ba. Matafiyin nan Hugh Clapperton, da ya ratsa garin Kulfo a ƙasar Nufe a 1826, ya rubuta cewa ya tarar ana sayar da giyar hatsi da bammi a fili, kuma masu shan ba arna kaɗai ba ne.

Ku riƙe abu ɗaya a nan. Giyar tulu ba ta da ƙarfi sosai, kuma ba ta ajiyuwa. Kwana biyu ko uku ta yi tsami ta lalace. Ba za ka ɗora ta a jaki daga Dutse ka kai Haɗeja ka sayar ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne giyar da aka tace da wuta, wadda ƙarfinta ya ninka na burukutu sau da yawa, kuma tana shekara a kwalba ba ta canza ba.

GIYAR DA TA ZAMA KUƊI

Wannan giyar ta shigo ne ta bakin teku. A ƙarni na 19, bayan an daina cinikin bayi an koma cinikin manja, jiragen ruwa sun riƙa sauke akwatunan jin daga Holan da Jamus, galan miliyoyi a shekara. Abin ya kai a wasu kasuwannin kudu kwalbar jin ta zama kuɗi. Da ita ake sayen manja, da ita ake biyan sadaki, da ita ake biyan tara. Kwalba ɗaya takan yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba wanda ya buɗe ta.

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels. Ainihin taron na yaƙi da cinikin bayi ne, amma an sa maganar bindigogi da giya. Aka ware wani makeken yanki na Afirka, aka ce duk inda mutane ba su saba da giyar kwalba ba, saboda addini ko wani dalili, to kada a kai musu. Inda aka riga aka saba kuwa, a ci gaba da sayarwa, a karɓi haraji. Arewacin Nijeriya ya faɗa kashi na farko, kudu ta faɗa na biyu.

Da Lugga ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger a ranar 1 ga Janairun 1900, sai ya ƙarfafa wannan haramci. An ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Dutse a lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Kano, don haka dokar ta hau kanta ita ma. Lugga yana da dalilinsa na siyasa. Ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma hana giya hanya ce mai arha ta nuna ya cika alkawari. Shi kansa Bature da ke bariki dokar ba ta hana shi kofinsa na yamma ba. Ɗan ƙasa aka hana.

Yanzu ga inda labarin ya yi ɗaci. Gwamnatin kudu da harajin giya take rayuwa. Kafin yaƙin duniya na farko, akwai shekarun da fiye da rabin kuɗin shigarta daga harajin giya yake fitowa. Limaman kirista irin su Bishop Herbert Tugwell sun yi ta kuka cewa ana kashe mutane don kuɗi, har aka kafa kwamitin bincike a 1909, kwamitin kuma ya wanke cinikin. Ita kuwa Arewa ba ta da tashar ruwa, kuɗinta ba ya isar ta, sai an cika mata daga baitulmalin Ingila da kuma gudummawar kudu. Layin dogon da ya taso daga Baro ya iso Kano a 1911, da bashin da aka ciyo da sunan kudu aka gina shi. Haɗewar 1914 ma, babban dalilinta shi ne a haɗa aljihun biyu ya zama ɗaya.

Kun gane abin da nake nufi? Yankin da aka hana giya, wani ɓangare na aikin raya shi da kuɗin giya aka yi. Idan kun tuna cacar bakin da aka yi a 2021 a kan harajin VAT, lokacin da Gwamna Wike na Ribas ya ce jiharsa za ta riƙa karɓar nata, har ake gorin cewa jihohin da ke fasa kwalabe suna cin kason harajin giya, to ku sani gorin ya haura shekara ɗari. Sabuwar riga kawai ya sa.

JIRGI YA ZO DA KAYANSA

Dokar da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Legas ba ya dawowa fanko. Ya kawo akawu, malaman kanti, direbobi da leburori daga kudu da Gwalkwas da Saliyo. Aka yanka musu Sabon Gari a Kano wajen 1913, a bayan ganuwa, inda hukuncin alƙali bai kai ba. A 1917 aka yi dokar giya da ta raba Nijeriya gida uku: inda aka hana ɗungurungum, inda ake sayarwa da lasin, da inda ake sayarwa da sharaɗi. Amma wa zai tsare ɗan birni kada ya tsallaka Sabon Gari da daddare? Masanin tarihi Simon Heap, wanda ya bi takardun wancan zamani, ya nuna cewa su kansu jami'an Turawa sun riƙa rubuta wa juna cewa haramcin ya zama wasa. Fasa-ƙwauri ta jirgi, ta kogi, da ta iyakar Faransa bai taɓa tsayawa ba.

A ƙasarmu ta Jigawa, reshen dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim, Gagarawa da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Dutse ba ta kan layin, shi ya sa ta daɗe tana garin sarauta da noma, a lafe cikin duwatsunta. Garuruwan tasha su suka fara ganin baƙi da kantuna da rayuwar da Bahaushe ya sa wa suna bariki. Kalmar daga sunan sansanin soja na Turanci ta fito. Duba yadda muka juya ta: ɗan bariki, 'yar bariki, zaman bariki. Harshen da kansa ya ajiye mana tarihin.

SHIGOWAR BUTUTU

Yawwa, mun iso wajen maganar Baba mai famfo.

Bayan yaƙin duniya na farko, a 1919, aka sake wata yarjejeniya a Faransa wadda ta hana shigo da jin mai arha ɗin nan zuwa Afirka. Haraji ya yi ta hawa a kan wadda ta rage. Sai kuma tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, farashin manja ya faɗi warwas. Mutumin kudu da ya saba da kwalba ya wayi gari ba shi da kuɗin sayenta.

A daidai wannan lokaci Amurka tana cikin nata haramcin. Daga 1920 zuwa 1933 tsarin mulkinsu ya hana yin giya da sayar da ita. Abin da ya biyo baya shi ne dafa giya a ɓoye, a daji da ɗakunan ƙasa, da ƙungiyoyin 'yan daba irin ta Al Capone a Chicago. Dubban mutane sun mutu ko sun makance saboda shan sinadarin masana'antu da aka sayar musu a matsayin giya.

Takardun Turawan mulki sun ɗora alhakin kawo fasahar Nijeriya a kan wani mutumin Kalaba mai suna Stocky James Iso, wanda ya zauna a New York a wancan zamani, ya dawo gida yana koya wa mutane yana karɓar kuɗi. Ko shi kaɗai ne ko da wasu, zuwa 1931 abin ya bazu a kudu kamar wutar daji. Kayan aikin kuwa ba su wuce abin da ke bayan gida ba: tsohuwar gangar mai, guntun bututun jan ƙarfe, ruwan sanyi, da bammi. Daga nan ogogoro ta samo asali, wadda wasu ke kira kaikai ko ruwan Sapele. A Gwalkwas ma lokaci guda aka fara tasu, akpeteshie.

Gwamnati ta rikice, domin kowace kwalbar gida asarar haraji ce. Aka yi ta kame, tara da ɗauri. Har ta kai 'yan sanda suna sa ido a kan masu sayen bututu da sukari da yawa. Ku yi tunani, guntun bututu ya zama abin zargi. Duk da haka ba a ci galaba ba. Bayan 'yancin kai mutane irin su Tai Solarin suka riƙa cewa Bature ya kira ta haramtacciya ne kawai don tana kashe masa kasuwa. Sannu a hankali ta hau mota ta iso Arewa. Goskolo da ake kuka da ita a Jos a yau jikanyar wannan tarihin ce.

ME YA SA TAKE MAKANTARWA?

A nan ne na gane Baba bai yi ƙari ba. Akwai sinadarai biyu masu kama da juna. Ɗaya itanol, shi ne mai sa maye. Ɗayan metanol, ana amfani da shi a masana'antu da haɗa fenti. Launinsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, harshe ba ya rarrabewa. Idan metanol ya shiga jiki, hanta tana juya shi ya zama guba mai cin jijiyar ido. Abin da bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba yana iya makantar da mutum, cokali biyu zuwa uku yana iya kisa. Mugun abin shi ne ba nan take yake nunawa ba. Sai bayan awa 12 zuwa 24 mutum ya fara ciwon kai, amai, gani dishi-dishi. Yawancin mace-macen da ake samu, mai sayarwa ne ke ƙara sinadarin masana'antu don kaya su yi yawa su yi ƙarfi.

A Afrilun 2015, a garin Ode-Irele na jihar Ondo, aƙalla mutum 18 suka mutu cikin 'yan kwanaki, da yawansu sun fara da makancewa. Mutanen gari suka ce fushin abin bauta ne. Gwaji ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. Wata biyu bayan haka, a jihar Ribas, kusan mutum 70 suka mutu ta wannan hanyar.

Shi kansa bututun yana da nasa sharrin. Kayan famfo na tagulla da dama akwai dalma a cikinsu, haka tsohon lagireton mota da wasu ke amfani da shi. Abu mai tsami ko mai zafi idan ya daɗe a ciki yana kankaro dalmar. Mu 'yan Arewa mun san dalma, ita ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Don haka ƙanena mai son zuba zoɓo a bututun tagulla, ka ji. Zoɓo ma tsami gare shi.

DAGA SARDAUNA ZUWA HISBAH

Kwalbar kamfani ba ta tsaya ba ita ma. An fara yin Star a Legas a 1949, kuma a 1963, Sardauna yana Firimiya, kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. A lokaci guda kundin dokar laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi a sashe na 403 cewa laifi ne Musulmi ya sha giya. Wato masana'anta tana aiki, doka tana aiki, kowa da layinsa.

An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Dutse ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Kano, unguwanni irin su Takur suka cika suka batse. Shekara tara bayan haka guguwar shari'a ta taso. Zamfara ta fara aiwatarwa a Janairun 2000, Jigawa ta bi a Agustan shekarar a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, har jihohi 12 suka shiga. Tun daga nan labarin fasa kwalabe ya zama ruwan dare. A Nuwamban 2013 Hisbar Kano ta murƙushe kwalba 240,000 a bainar jama'a. A nan Jigawa ma kuna jin labarin samame a Kazaure da kasuwar Gujungu.

An samu nasara, kada mu yi musu. Yau a Dutse yaro zai tashi ya girma bai taɓa ganin gidan giya a bakin titi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma tambayar da tarihin nan ke yi mana ita ce: ƙishirwar fa, ina ta koma?

A Oktoban 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko adadin ya cika ko bai cika ba, duk wanda ke zaune a unguwa ya san akwai matsala. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta a kan kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi da kuma sarrafa shi. Binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara ɗaya, kuma ba a sa giya da taba a lissafin ba. Da kodin ya yi tsada sai aka koma tiramol, sholisho, zaƙami da sukudaye. Kuma da yawan masu sha za su rantse maka su ba mashaya ba ne, tunda ba giya suke sha ba.

Kun ga zaren? A 1919 aka rufe kwalba, a 1931 bututu ya fito. A Amurka aka rufe mashaya, aka koma ɗakin ƙasa. Mu ma mun rufe ƙofa ɗaya, abin ya shigo ta kantin magani. Kuma kusan kullum abin da ke shigowa ta bayan gida ya fi na farkon guba, saboda ba wanda ke duba abin da ke cikinsa.

Ba cewa nake a buɗe gidajen giya ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake kame shi kaɗai bai taɓa isa ba, a ko'ina. Ku duba yadda Alƙur'ani ya bi da lamarin. Bai fara da bulala ba. A Baƙara aka nuna cutarwar ta fi amfanin, a Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sai a Ma'ida haramcin ya sauka gaba ɗaya. Da ya sauka, mutanen Madina da hannunsu suka zubar da abin da ke tulunansu a kan hanya. Ba a bi su gida-gida ba, don an riga an gama aiki a zuciya. Lugga ya yi doka ba tare da wannan aikin ba, kun ji yadda ta ƙare.

To mu wane aiki muke yi? Yaron da ya gama sakandare shekara biyar ba aiki ba jari, wanda ke kwana a shago saboda gidan ba ɗaki, idan aka kama shi aka aske masa kai aka sake shi, gobe ina zai koma? Cibiyoyin gyaran hali nawa muke da su da talaka zai iya kai ɗansa ba tare da an sa masa mari ba? Iyaye nawa ke ɓoye 'yarsu mai shan kodin don kada a fasa aurenta, har sai abin ya fi ƙarfin magani?

Abu ɗaya na roƙe ku kafin mu rufe. Idan wani naka ya sha wani haɗi, daga baya ya fara cewa idonsa yana hazo ko cikinsa yana murɗawa, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a tsaya jin kunyar abin da za a ce. A kai shi asibiti a take, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Gubar metanol tana da magani idan an yi sauri. Ido idan ya tafi ba ya dawowa.

Na koma wajen mai shayin nan na Takur na ba Baba labarin duk abin da na karanto, har da sunan mutumin Kalaba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ka gaya wa yaran naku, bututu na ruwa ne." Ya biya kuɗin shayinsa ya tafi.

Ku faɗa mana a ƙasa, a unguwarku me ya maye gurbin kwalba, kuma wa kuka gani yana ƙoƙarin da ya dace a yaba? Ban da kiran sunan kowa don Allah. Wanda ya ga akwai amfani ya tura wa wani. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.